Tambayoyi da amsoshi a kan 憂心忡忡, kalamin Kantonis na bayyana zullumi mai tsanani

Mai koyon harshen Kantonis, wanda ake magana da shi a Hong Kong da Makau da lardin Guangdong na ƙasar Sin, yakan kai wani mataki da kalmomin gaisuwa da ciniki ba sa isarsa, musamman idan ya fara sauraron labarai ko karanta jarida. A nan ne yake cin karo da maganganu masu haruffa huɗu, kuma 憂心忡忡 na cikin waɗanda suka fi yawan fitowa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu koyo suka fi maimaitawa a kansa.

Mene ne ma'anar 憂心忡忡, kuma yaya ake karanta shi?

Ana karanta shi jau1 sam1 cung1 cung1, wanda a kunnen Bahaushe ya yi kusa da "yau sam cung cung". Ma'anarsa ita ce mutum ya kasance cikin zullumi mai nauyi, hankalinsa a tashe, saboda wani abu da bai riga ya faru ba ko wanda ba a san yadda zai ƙare ba. Damuwa ce mai daɗewa, irin wadda ake kwana da ita a tashi da ita, har a gan ta a fuskar mai ita. Ba a amfani da shi wajen firgitar da ta zo farat ɗaya ta wuce, kamar idan mota ta kusa buge mutum.

Kalamin yana cikin rukunin da ake kira 成語, wato sing4 jyu5, maganganu daskararru waɗanda galibinsu haruffa huɗu ne, kuma da yawansu an gaje su ne daga tsofaffin littattafai. Ba a sauya tsarin haruffansu, ba a ƙara wani, ba a rage wani.

Na Kantonis ne shi kaɗai, ko duk Sinawa sun san shi?

Duk mai ilimin karatun Sinanci ya san shi. Mutumin Beijing zai karanta waɗannan haruffa yōu xīn chōng chōng da Mandarin, wato daidaitaccen harshen ƙasar Sin, mutumin Hong Kong kuma ya karanta su jau1 sam1 cung1 cung1, ma'anar kuwa ɗaya ce. Abin da ya sa ake kiransa kalamin Kantonis a darussa shi ne lafazin da kuma matsayin da yake da shi a cikin harshen, domin a Kantonis tazarar da ke tsakanin maganar baka da maganar rubutu ta fi ta Mandarin faɗi sosai. An yi bayanin wannan a amsar da ta shafi harshen rubutu da na baka.

Akwai kuma bambancin rubutu. A Hong Kong da Makau da Taiwan ana amfani da haruffan gargajiya, don haka ake rubuta 憂心忡忡. A Guangzhou da sauran babban yankin Sin ana amfani da sauƙaƙan haruffa, sai a rubuta 忧心忡忡. Harafin farko ne kawai ya sauya.

Mene ne waɗannan lambobi da ke bin kowace gaɓa?

Tsarin rubuta lafazi ne da ake kira Jyutping, wanda ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993. Lambar tana nuna karin sautin gaɓar, daga 1 zuwa 6. Kari na 1 sama yake kuma a miƙe, na 2 yana hawa zuwa sama, na 3 tsaka-tsaki ne a miƙe, na 4 ƙasa yake yana gangarawa, na 5 yana ɗan hawa daga ƙasa, na 6 kuma ƙasa yake a miƙe. Wanda ya ji ana cewa Kantonis na da kari 9 kada ya ruɗe, domin tsohon lissafi ne da ke ware gaɓoɓin da suka ƙare da p ko t ko k ya ƙirga su daban.

Tsofaffin littattafan koyarwa da yawa suna amfani da tsarin Yale, inda za a ga an rubuta yāu sām chūng chūng. Lafazin ɗaya ne, alamomin ne suka bambanta.

Ina ne Bahaushe ya fi yin tuntuɓe wajen furta shi?

Tuntuɓe na farko yana kan harafin j. A Jyutping j yana wakiltar sautin da muke rubutawa da y, saboda haka jau1 ba shi da alaƙa da "ja" ko "jawo". Ya yi kama da kalmarmu ta "yau", sai dai namu "yau" muryar faɗuwa take yi daga sama zuwa ƙasa, shi kuwa wannan ana riƙe muryar a sama har gaɓar ta ƙare. Tsofaffin masu magana da wasu mutanen Guangzhou sukan furta kari na 1 da ɗan faɗuwa, amma mai koyo ya fi samun kwanciyar hankali idan ya riƙe shi a miƙe. Idan muryar ta sauka ƙasa, kalmar ta zama wata: jau4 mai ne (irin na girki ko na mota), jau5 shi ne "akwai", jau6 kuma "hannun dama" ko "kuma".

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma daga ɗabi'ar Hausa yake fitowa. Mukan furta n ta ƙarshen kalma daga can cikin hanci, kamar a "nan" da "can", kuma da yawanmu haka muke yi wa m ta ƙarshen "malam" da "kullum". Wannan ɗabi'a tana taimakawa wajen cung1, domin ng ɗin ƙarshe sauti ne da bakinmu ya riga ya saba da shi. Amma tana yin ɓarna wajen sam1, saboda Kantonis yana rarrabe ƙarshen gaɓa uku da muke haɗewa: sam1 zuciya ce, san1 sabo ne, sang1 kuma haihuwa ko rayuwa. Dole ne leɓɓa su haɗu su rufe a ƙarshen sam1, kamar yadda suke rufewa idan mutum ya ce "sam ban yarda ba". Haka kuma wasalin gajere ne. Idan aka ja shi ya zama saam1, an koma faɗin "uku" ko "riga". A nan Bahaushe yana da riba a kan masu koyo da yawa, tunda ya taso da bambancin dogon wasali da gajere.

Na uku shi ne c. Sauti ne tsakanin c ɗinmu da haɗuwar t da s, tare da fitar iska mai ƙarfi. Kada a yi amfani da ts ta "tsuntsu", wadda ake matse maƙogwaro wajen furta ta, domin Kantonis ba shi da irin wannan sauti. Idan aka riƙe ƙaramar takarda a gaban baki, ya kamata ta motsa lokacin da aka ce cung1, ta kuma tsaya cik lokacin da aka ce zung1.

Gaɓoɓin huɗu duk kari na 1 ne. Yaya zan riƙe muryata ba ta sauka ba?

Kalmar "makaranta" ita ce ma'auni mafi sauƙi, domin gaɓoɓinta huɗu ne kuma dukkansu a sama suke. A faɗi "makaranta" sau biyu ko uku, sannan a ɗora jau1 sam1 cung1 cung1 a kan wannan tsayin muryar. Abin lura kawai shi ne kowace gaɓa ta sami nata lokaci daidai da 'yar'uwarta, kada a haɗiye cung1 na biyu.

Me kowane harafi yake nufi shi kaɗai?

憂 damuwa ce ko baƙin ciki. A rubutun gargajiya zane 15 ne, kuma idan aka dube shi da kyau za a ga harafin zuciya a tsakiyarsa, an danne shi tsakanin wani sashe na sama da ya samo asali daga hoton kai da wani na ƙasa mai nuna ƙafa. Sauƙaƙansa, 忧, zane 7 ne kacal. 心 ita ce zuciya, zane 4, kuma kamar a Hausa, a can ma zuciya ce mazaunin tunani da ji.

忡 shi ne baƙon cikinsu, domin da wuya a gan shi a rubutun yau in ba a cikin wannan kalami ba. Ɓangarensa na hagu, 忄, siririyar siffa ce ta zuciya, na dama kuma 中 ne, wanda aka sa don ya nuna kusancin sauti. Ninka shi da aka yi yana yin aikin da amsa-kama take yi a Hausa: ba ya ƙara sabuwar ma'ana, yana zana yanayin ne, kamar yadda "ɗar-ɗar" ke zana halin zuciyar da ba ta natsu ba. Wani abin sha'awa shi ne idan aka ɗauki waɗannan sassa biyu aka ɗora 中 a kan 心, maimakon a jera su gefe da gefe, sai a sami 忠, zung1, wanda ke nufin biyayya da riƙon amana. Masu buga rubutu da tsarin Cangjie, wanda ya yaɗu a Hong Kong, suna danna P da L don samun 忡, su danna L da P don samun 忠.

Daga ina kalamin ya samo asali?

Daga 詩經, Si1 Ging1, tarin waƙoƙi 305 na zamanin daular Zhou, waɗanda aka tsara tsakanin ƙarni na 11 da na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Al'adar Sinawa tana danganta tattara su ga Konfushiyas, shahararren malaminsu na zamanin da. Kalamin ya fito a waƙa ta 14, mai suna 草蟲, cou2 cung4, wato ƙwarin ciyawa, inda aka ce 未見君子,憂心忡忡. Ma'anar ita ce: ban ga maigidana ba, zuciyata na cike da zullumi. Mafi yawan masu sharhi sun ɗauke ta a matsayin muryar mace da ke jiran mijinta da ya yi nisa. A baiti na farko tana jin kukan ƙwari a cikin ciyawa, a baitocin da suka biyo baya kuma ta hau tudun kudu tana tsinkar ganyen daji, abin da ke nuna cewa lokaci ya juya tana nan tana jira. Kowane baiti yana ƙarewa da cewa idan ta gan shi zuciyarta za ta kwanta. Wannan layi ya sake fitowa a wata waƙa ta cikin tarin, wadda ke magana a kan mayaƙan da suka fita yaƙi a iyakar arewa.

Sanin waƙar yana da amfani fiye da ƙawa, domin ita ce ke koya wa mutum iyakar kalamin. Zullumin da ke cikinta na rashin sani ne, kuma yana da magani, wato ganin wanda ake jira. Har yau haka kalamin yake aiki: ana faɗarsa a kan al'amarin da ƙofarsa ba ta rufe ba.

Tunda tsohuwar waƙa ce, lafazin Kantonis shi ne na asali ke nan?

A'a, ko da yake za a ji masu kishin harshen suna faɗin abin da ya yi kama da haka. Gaskiyar da ke cikin maganarsu ita ce Kantonis ya adana baƙaƙen ƙarshen gaɓa, m da p da t da k, waɗanda Sinancin tsakiyar zamani yake da su kuma Mandarin ya zubar. Shi ya sa zuciya take sam1 a Kantonis, da m ɗinta, alhali a Mandarin ta koma xīn. Wannan yana sa waƙoƙin daular Tang su fi daɗin amsa-amo idan aka karanta su da Kantonis. Amma waƙar da ake magana a kanta ta girmi daular Tang da fiye da shekara 1,000, kuma harshen da aka rera ta da shi ya sha bamban da dukkan harsunan Sin na yau.

Me ake nufi da cewa kalamin na harshen rubutu ne, ba na baka ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan, domin wanda ya gwanance a lafazi amma bai san wurin faɗa ba, aikinsa bai kammala ba. Mutumin Hong Kong yana rayuwa da nau'i biyu na harshe. Akwai 口語, hau2 jyu5, abin da yake faɗa a gida da kasuwa da wurin shan shayi. Akwai kuma 書面語, syu1 min6 jyu5, daidaitaccen Sinancin rubutu, wanda nahawunsa da kalmominsa suka fi kusa da Mandarin, amma a makaranta ake koya masa karanta shi da lafazin Kantonis. Don haka yaro zai rubuta 他 ya karanta taa1, amma idan yana hira zai ce keoi5, dukkansu kuma "shi" suke nufi. Zai rubuta 的 ya karanta dik1, a baki kuma ya ce ge3.

憂心忡忡 ɗan gidan rubutu ne. Ba haramun ba ne a faɗe shi da baki, kuma masu ilimi suna saka irinsa cikin maganarsu idan batun mai nauyi ne, amma yana zuwa da rigarsa ta taro. Wanda ya ce wa abokinsa yana jau1 sam1 cung1 cung1 saboda motar haya ta yi latti, abokin zai ɗauka barkwanci yake yi, kamar yadda za a ji idan wani ya tashi da salon huɗuba don ya ce goronsa ya ƙare. Mutanen Hong Kong da kansu sukan yi wannan da gangan don ban dariya, amma baƙo da ya yi shi ba da niyya ba, za a gane cewa daga littafi ya ɗauko.

Tsakanin nau'in biyu akwai wani mataki na uku, wanda masu karanta labarai a rediyo da talabijin da masu jawabi a majalisa suke amfani da shi: ƙananan kalmomin nahawu na baka ne, manyan kalmomi kuma na rubutu. A wannan mataki ne aka fi jin kalamin da kunne.

A wane irin batu zan fi cin karo da shi?

A labaran da suka shafi jama'a masu jiran abin da ba su da iko a kansa: iyaye kafin fitowar sakamakon jarrabawa, masu shaguna idan kuɗin haya ya tashi, masu zuba jari idan kasuwar hannun jari ta faɗi, masunta da mazauna bakin teku idan hukumar yanayi ta ɗaga alamar gargaɗin guguwa ta 8, wadda ke nuna iska mai ƙarfi. Yanayi irin na annobar SARS ta 2003, wadda ta kashe mutum 299 a Hong Kong, ko guguwar Mangkhut ta watan Satumban 2018, wadda ta sa aka ɗaga alama ta 10, mafi girma a cikinsu, shi ne gwargwadon nauyin da ya dace da shi. A littattafan ƙagaggun labarai kuma ana amfani da shi wajen siffanta fuska ko muryar wani. Abin lura shi ne galibi a kan wasu ake faɗarsa, ba kasafai mutum yake faɗarsa a kan kansa ba.

Yaya ake saka shi cikin jimla?

Ba ya ɗaukar karɓau kai tsaye. Ba a cewa "ya jau1 sam1 cung1 cung1 ɗansa", sai an gabatar da abin damuwar da 對, deoi3, ko 為, wai6, kafin kalamin ya zo a ƙarshe. Misali: 家長對子女的前途憂心忡忡, gaa1 zoeng2 deoi3 zi2 neoi5 dik1 cin4 tou4 jau1 sam1 cung1 cung1, ma'ana iyaye na cikin zullumi game da makomar 'ya'yansu. Ana kuma iya faɗin sanadin a farko, a bi shi da masu damuwar: 颱風逼近,漁民憂心忡忡, toi4 fung1 bik1 gan6, jyu4 man4 jau1 sam1 cung1 cung1, guguwa na matsowa, masunta na cikin zullumi.

Wasu tsare-tsare biyu da ake yawan gani su ne 感到憂心忡忡, inda gam2 dou3 ke nufin "ji", da 令人憂心忡忡, inda ling6 jan4 ke nufin "yana sa mutum". Idan ana son ya siffanta yadda aka yi wani aiki, a rubutu ana bin sa da 地, dei6, a baka kuma da 噉, gam2. Marubuta masu kiyayewa ba sa sa masa "ƙwarai" a gaba, wato 很 a rubutu ko 好 a baka, domin ƙarfin yana cikin ninkin da aka yi bayaninsa a amsar haruffa.

Na ga an rubuta 憂心沖沖 da 憂心重重. Su ma daidai ne?

Kura-kurai ne, ko da yake sun yaɗu a intanet har a wurin waɗanda harshensu ne. Na farko ya fito daga kamannin sauti, domin 沖 shi ma cung1 ne, kuma mutane sun saba da shi a 怒氣沖沖, nou6 hei3 cung1 cung1, wanda ke nufin cika da fushi. Wanda yake buga rubutu ta hanyar sauti zai kuma ga 匆匆, mai nufin gaggawa, yana jiran sa a jerin zaɓi. Na biyu ya fito daga cakuɗawa da wani kalami na daban, 心事重重, sam1 si6 cung4 cung4, wanda ke nufin tunane-tunane sun yi wa mutum yawa, ɗaya bisa ɗaya. A lura cewa karin sautinsa na 4 ne, ba na 1 ba.

Akwai kuma kuskuren karatu, inda ake ganin 中 a gefen harafin sai a ce zung1 zung1. Masu Kantonis suna da habaici ga wannan ɗabi'a, 有邊讀邊, jau5 bin1 duk6 bin1, wato idan harafi yana da gefe sai a karanta gefen. Hanyar tuna daidai ita ce damuwa a zuciya take, don haka harafin da ke ɗauke da 忄 shi ne nata, ba 沖 mai alamar ruwa ba.

Me ya bambanta shi da sauran kalaman damuwa masu haruffa huɗu?

憂心如焚, jau1 sam1 jyu4 fan4, shi ne mafi kusa, kuma ya fi shi zafi, domin yana cewa zuciyar kamar ana ƙona ta. 心急如焚, sam1 gap1 jyu4 fan4, yana ƙara ƙagauta a kan damuwar, irin ta wanda ke tsaye a ƙofar ɗakin tiyata. 提心吊膽, tai4 sam1 diu3 daam2, ya fi karkata ga tsoro: an ɗaga zuciya, an rataye matsarmama, wato zaman ɗar-ɗar na mai jiran musiba. 坐立不安, zo6 laap6 bat1 on1, jiki yake siffantawa, kuma Bahaushe ba ya buƙatar bayani, tunda shi ma yana cewa ya kasa zaune ya kasa tsaye. 牽腸掛肚, hin1 coeng4 gwaa3 tou5, na kewa ne da begen wanda yake nesa.

Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne 杞人憂天, gei2 jan4 jau1 tin1. Ya fito daga wani tsohon labari na littafin Liezi game da wani mutumin tsohuwar ƙasar Qi da ya daina ci da barci don tsoron kada sama ta faɗo. Yana ɗauke da harafin 憂 kamar namu, amma zargi ne: ana cewa damuwar ba ta da tushe. Faɗarsa ga mutumin da yake cikin halin gaske raini ne.

To a hirar yau da kullum me zan ce?

擔心, daam1 sam1, shi ne abin da kowa yake faɗa, kuma yana shiga ko'ina. Jimlar iyaye da aka kawo a sama, idan aka mayar da ita baka, za ta zama 啲家長好擔心仔女嘅前途, di1 gaa1 zoeng2 hou2 daam1 sam1 zai2 neoi2 ge3 cin4 tou4. Kwatanta jimlolin biyu darasi ne a karan kansa, domin har kalmar "'ya'ya" ta sauya. Sannan akwai kalmomin da Kantonis ya keɓanta da su, waɗanda mai Mandarin ba lallai ya gane ba: 囉囉攣, lo1 lo1 lyun1, ga wanda ya kasa natsuwa, 心掛掛, sam1 gwaa3 gwaa3, ga wanda zuciyarsa ta maƙale a kan wani abu, da 十五十六, sap6 ng5 sap6 luk6, ga wanda yake ta kai-kawo ya kasa yanke shawara.

Da wace kalma zan fassara shi zuwa Hausa?

"Zullumi" ya fi dacewa, domin shi ma yana duban gaba, kuma yana da tsawon rai. "Fargaba" ta yi kusa amma tsoron da ke cikinta ya fi yawa, don haka ta fi dacewa da tai4 sam1 diu3 daam2. "Damuwa" ta yi faɗi, daidai take da daam1 sam1. "Alhini" da "jimami" ba su dace ba, tunda na abin da ya riga ya faru ne. Idan a labari ne kuma ana siffanta mutum, "ya yi tagumi" ko "ya yi jugum" suna kama hoton. Abin da fassara ba za ta iya ɗaukowa ba shi ne tsufan kalamin, domin "zullumi" kalma ce da kowa yake faɗa a gida, shi kuwa mai karatun Sinanci yana jin ƙamshin tsohon littafi a cikinsa.

Zan iya amfani da shi wajen ta'aziyya?

A'a. Kamar yadda aka nuna a amsar asalinsa, na al'amarin da bai ƙare ba ne. Ana iya cewa iyalin mara lafiya suna cikin wannan hali yayin da yake kwance a asibiti, amma bayan rasuwa abin da ake faɗa wa iyalin shi ne 節哀順變, zit3 oi1 seon6 bin3, wato a sassauta baƙin ciki a karɓi abin da ya faru.

Ni ɗan kasuwa ne mai zuwa Guangzhou da Hong Kong. Yana da amfani a gare ni?

Amfaninsa a wajen fahimta ne fiye da faɗa. A kasuwannin Guangzhou da fataken Afirka ta Yamma suke yawan zuwa, kamar na unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, da kuma baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, da yawan masu sayarwa daga wasu larduna suka zo, kuma Mandarin ne yake haɗa su da kowa. A Hong Kong ne Kantonis yake da rinjaye sosai, inda ƙidayar 2021 ta nuna kimanin kashi 88 cikin 100 na mazauna da shi suke magana a kullum. Wanda yake bin labaran kasuwa daga can zai riƙa ganin kalamin a kanun labarai, kuma ganinsa alama ce cewa marubucin yana ɗaukar batun da nauyi.

Idan kwantena ta yi jinkiri kuma ana son rubuta wa mai kaya wasiƙa, kalamin bai dace ba, domin yana nuna mutum a raunane yana jira, ba mai neman haƙƙinsa ba. Abin da ake rubutawa a irin wannan wasiƙa shi ne 深表關注, sam1 biu2 gwaan1 zyu3, wato muna bayyana matuƙar kulawarmu ga lamarin, salon da hukumomi ma suke amfani da shi idan suna nuna rashin jin daɗi cikin ladabi. Wannan sam1 ɗin ba zuciya ba ce, harafi ne daban mai nufin zurfi, sautin ne kawai ya zo ɗaya.

Idan wani ya gaya mini yana cikin wannan hali, me zan mayar masa?

Ga aboki ko tsara, 唔使擔心, m4 sai2 daam1 sam1, kada ka damu, ko 放心啦, fong3 sam1 laa1, kwantar da hankalinka, ko 冇事嘅, mou5 si6 ge3, ba abin da zai faru. Ƙananan kalmomin ƙarshe, laa1 da ge3, su ne suke tausasa maganar, kuma idan aka bar su sai ta fito kamar umarni. Akwai karin maganar da ake yawan ƙarawa, 船到橋頭自然直, syun4 dou3 kiu4 tau4 zi6 jin4 zik6, ma'ana idan jirgin ruwa ya isa bakin gada da kansa zai miƙe, amma ta fi dacewa da ƙaramar matsala, ba a faɗa wa wanda ɗansa yake asibiti. Ga babba, ko a cikin wasiƙa, ana rubuta 毋須過慮, mou4 seoi1 gwo3 leoi6, wato babu buƙatar damuwa fiye da kima.